Buɗe Mu Gani

Direban motar wasiƙu bai gama jawo buhun daga bayan mota ba, ƙamshin ya riga shi shiga gidan waya. Ya bi ta ƙarƙashin kanta, ya wuce sikeli, ya iske Malam Buɗe a taga ta ɗaya yana liƙa kan sarki a ambulan ɗin wani dattijo. Hannun Malam ya tsaya cak.

Ya san wannan ƙamshin. Shekara talatin yana kwana yana tashi da shi. Turaren matarsa ne, wadda yau watanta goma sha ɗaya da rasuwa.

"Malam, liƙa mana, sauri nake yi," in ji dattijon.

Ya liƙa, amma a karkace. Dattijon bai lura ba. Da Sabuwa, mai taga ta uku, ta ɗago kai a lokacin, da ta san akwai magana, domin tunda take ba ta taɓa ganin kan sarki ya karkace a hannun wannan mutumin ba.

Buɗe ba shi ne sunansa na gaskiya ba, mutanen unguwa suka laƙaba masa, ya bi shi har cikin gida. Shekara ashirin da bakwai yana wannan tagar, kuma duk wanda ya ɗora ƙunshi a kan sikelinsa sai ya sha tambaya iri ɗaya: "Akwai ruwa? Akwai turare? Akwai batir, ko ashana, ko wani abu mai kama wuta?" Ka ce akwai, ka ce babu, ka rantse da abin da zai kashe ka, amsarsa ɗaya ce: "To, buɗe mu gani." Ya sa manyan mutane sun kwance kaya a gaban jama'a. Ya taɓa sa surukinsa ma ya kwance.

Idan mutum ya yi tsaki kuwa, to ya jawo wa kansa karatu. Malam zai ɗaga kan sarki guda tsakanin yatsu biyu ya ce, "Ka ga wannan 'yar takardar da kake rainawa? Ita ce albashina, ita ce man motar da za ta ɗauki saƙonka, ita ce ƙwan fitilar da ke samanka. Gwamnati ba ta zuba wa gidan nan ko sisi, abin da muka sayar shi muke ci. Kwalba ɗaya ta fashe a buhu, mu za mu biya kowa. Turare kuma wuta ne a cikin kwalba, ba ya hawa jirgi, ba ya shiga buhu." Masu zuwa kullum sun haddace karatun, har wasu na taya shi ƙarasawa.

Gaskiya ce kuwa yake faɗa. Wasiƙu sun ja baya tun da waya ta shiga aljihun kowa, kamfanonin kai saƙo masu babura kuma suka kwashe rabin ƙunshin. Da can taga shida ke aiki, yanzu saura biyu. Sabuwa ma shekararta ta uku ke nan a gidan, amma har yau Sabuwa ake ce mata, saboda ba a sake ɗaukar kowa ba bayanta, ita ɗin ma ba a tabbatar da ita a aiki ba.

Direba ya shigo da buhun a kafaɗa yana kawar da hanci. Bayansa wata mata ce sanye da rigar ma'aikata, da fayil a hammata. Ba ta gai da kowa da yawa ba. Ta ce daga babban ofis take, sashen bincike, ina Manaja? Manaja ya fito yana gyara wuyan riga, ya sa aka rufe tagogin duka biyu, aka rataya allon "A dakata kaɗan", sannan suka shige ɗakin rarraba wasiƙu.

Malam ne ƙarshen shiga.

Kwana huɗu ke nan da abin ya faru. 'Yarsa ɗaya tilo, wadda aure ya kai gari mai nisa, ta kira shi. Cikinta na fari ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Suka gama gaisawa, sannan ta ce, "Baba, ragowar turaren Mama yana nan?" Ya ce yana nan, a inda ta bar shi, gaban madubi. Ta ce, "Ina so in lokacin ya zo in ji ƙamshinta kusa da ni. Tsoro nake ji, Baba." Karatun nan nasa ya zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye shi. Ya ce, "Zan aiko miki."

Da wani ne, sai ya kai tasha ya ba direban bas, ko ya kira masu babura. Amma shi da ya shekara ashirin da bakwai yana cewa masu ba direbobi saƙo su ke kashe gidan waya, da wane ido zai tsaya a tasha da kwali a hannu? Ya gaya wa kansa cewa babu wanda ya kai shi sanin yadda kwalba ke fashewa, saboda haka babu wanda ya kai shi sanin yadda za a naɗe ta. Ya ɗauko mayafin marigayiyar, ruwan toka mai ɗigon fari, ya naɗe kwalbar a ciki ninki bakwai. Ya sa a kwali, ya ɗaure da igiya, ya yi irin ƙullin nan nasa mai kunne biyu wanda yake koya wa kowa.

Dokar gida ta ce ma'aikaci ba ya karɓar ƙunshin kansa. Don haka da rana, da mutane suka ragu, ya ɗora kwalin a sikelin Sabuwa. Ta ɗauki biro, ta fara kamar yadda ya koya mata, "Akwai ru..."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ni za ki yi wa karatun da na koya miki?"

Ta yi dariyar jin kunya, ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Ta karɓi kuɗi, ta liƙa kan sarki, ta buga hatiminta. Da ta miƙo masa fom ɗin da ake rubuta abin da ke cikin ƙunshi, ya ce ta bari, zai cika anjima. Anjimar da ba ta zo ba ke nan.

Yanzu ga buhun nan an zazzage shi a kan dogon tebur. Wasiƙu sun manne da juna, tawada ta zuba ta yi shuɗi-shuɗi, wasu adireshin ma ba ya karantuwa. Mai bincike ta sa safar hannu tana ware su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a cibiyar rarraba saƙo aka ji ƙamshin kafin a loda buhun a jirgi. Wani ƙunshi mai nauyi, kayan injin, shi ya danne kwalin. Wasiƙa arba'in da uku suka lalace, biyu daga ciki na rajista.

Ta jawo kwalin tsakiyar tebur. Ya lotse, ya yi laushi. Sunan mai aikawa da na mai karɓa duk turare ya cinye su, sai tabo. Tawadar hatimi ce kaɗai ba ta motsa ba, don an yi ta ne yadda ko ruwan sama ba ya wanke ta.

"Taga ta uku," in ji mai bincike. "Ta waye?"

"Tawa ce," in ji Sabuwa.

"Ina fom ɗin wannan ƙunshin? Na duba kwafin da kuka aiko, babu."

Sabuwa ta dubi kwalin. Idonta ya sauka a kan ƙullin igiyar mai kunne biyu. Ta ɗago ta dubi Malam, kallo ɗaya, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, sannan ta mayar da kanta ƙasa.

"Ban cika ba," ta ce.

"Wa ya kawo shi?"

"Ranar mutane sun yi yawa. Ban riƙe ba."

Malam ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya ce a ransa bari matar ta gama magana tukuna, ba a katse babba. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, amma ya riƙe ƙaryar da hannu biyu.

Mai bincike ta cire tabarau ta goge. Ba mai faɗa ba ce, a hankali take magana, abin da ya sa maganar ta fi shiga. "Kun san yadda muke. Babu wanda zai zo daga sama ya biya wannan ɓarnar, daga cinikin reshen nan za a cire diyyar mutane. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, reshenku na cikin waɗanda ake duba ko a bar su ko a rufe. Ga shi kun ƙara musu hujja." Ta juya wajen Malam. "Malam, an ce min kai ka fi kowa daɗewa a nan, kuma ba a taɓa kama kuskure a tagarka ba. Gaya mata abin da doka ta ce game da wanda ya karɓi ƙunshi babu tambaya, babu fom."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ya ja ta ya rufe. Amma bakin da ya saba ba ya jiran izini. Ya ji muryarsa tana fita, a daidaice, kamar kullum: "Idan tabbataccen ma'aikaci ne, dakatarwa da yankan albashi. Idan ba a tabbatar da shi ba, sallama."

"Kin ji," in ji mai bincike.

"Na ji," in ji Sabuwa.

Manaja, wanda tun ɗazu yake zagaye tebur yana neman inda zai sauke kayan nan da ba kansa ba, ya tafa hannu. "Tsaya! Ranar da ke kan hatimin nan, ba ranar ce telar nan ta tsallaken titi ta zo da kwalbar turare ba? Malam, ba kai ka kama ta ba? Ka sa ta fitar da ita a gaban mutane, har ta fita tana masifa. To ai shi ke nan! Zagayowa ta yi da rana, ta ga ba ka kallo, ta bi ta tagar yarinyar nan." Ya dubi mai bincike da fara'ar wanda ya tsinci abin da ya ɓace. "Idan mai aikawa ce ta yi yaudara, ai tarar a kanta take, ko ba haka ba?"

"Idan an tabbatar," in ji mai bincike. "Ko ba komai ma ina neman ta. Ɗaya daga cikin wasiƙun rajistar nan tata ce, lambar ta nuna. A kira ta."

Direba ya tafi kiran tela. Malam ya ce zai sha ruwa, ya fita ta ƙofar baya.

Bayan gidan wayar wani ɗan fili ne, da famfo, da tsofaffin kekunan masu rarraba wasiƙu guda huɗu da suka yi tsatsa a jingine, tun lokacin da ake da masu hawansu. Ya buɗe famfo ya tara hannu, bai sha ba. Ƙamshin ya biyo shi har nan, ya kama rigarsa. Yana jin kamar matarsa tana tsaye a bayansa, ta harɗe hannu, tana jira ta ga abin da zai yi. Ita ba ta yi masa faɗa a rayuwarta, kallo kawai take yi, kuma kallon ya fi faɗa.

Takun takalmi ya ji. Sabuwa ce, ta zo wanke tawadar da ta ɓata mata yatsu.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" ya tambaye ta, bai dube ta ba.

"In faɗi me, Baba?"

"Kin ga ƙullin."

Ta sa hannu a ruwa tana murzawa. "Saura wata bakwai ka ajiye aiki. In aka rubuta maka wannan, har haƙƙinka na ƙarshe sai sun taɓa. Ni kuwa da sauran ƙarfina, zan nemi wani."

"Wane wani? A ina?"

Su biyun sun san babu. Ya san 'ya'yanta biyu, ya san maigidanta ya shekara yana neman aiki, ya san albashin nan nata shi ke riƙe da gidan.

"Lokacin da ƙaramin yana asibiti," ta ce, "sati biyu kana riƙe min taga kana riƙe taka, ba ka bari an rubuta min fashi ko na kwana ɗaya ba. Ban manta ba. Kuma laifina ne ai. Kai ka ce min ko uban mutum ne ya zo, a tambaye shi."

Ta yarfe hannu ta koma ciki. Ya tsaya yana kallon ruwan na zuba a banza. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a can ƙasan zuciyarsa, wani abu ya ji daɗin maganarta. Wani abu ya ce masa, ka ji, ita ta zaɓa, ba kai ka sa ta ba. Ya ji ƙyamar kansa irin wadda bai taɓa ji ba. Duk da haka da ya rufe famfo ya koma ciki, bai shiga da niyyar magana ba.

Tela ta riga ta iso, da tef ɗin awo a wuya da zare manne a zaninta. Mace ce mai jiki da murya, ba a yi mata tsawa a rayuwa ta yi shiru ba. Tana riƙe da ambulan ɗinta da mai bincike ta buɗe a gabanta. Takardar shaidar gama karatun ɗanta ce a ciki, ta ainihi, wadda aka ce ya kawo kafin ƙarshen wata idan yana son aikin da ya samu a can garin da yake. Sunan yaron ya narke, rabi ya bi turare.

"Shekara huɗu ina taka keken ɗinki dare da rana a kan takardar nan," take cewa. "Na biya kuɗin rajista don kar ta ɓace, ashe wanka za ku yi mata!"

"Hajiya, a yi haƙuri," in ji Manaja, "amma akwai tambaya. Turaren nan da kika zo da shi ranar..."

"Turarena? Au, ni za ku liƙa wa? Yana can shago a kan teburin yanka, ko buɗe shi ban yi ba, a je a gani! Na fita da shi daga gidan nan a hannu, mutane na kallona kamar an kama ɓarauniya." Ta waiga ta ga Malam a bakin ƙofa, ta nuna shi da ambulan ɗin. "Ga shi nan, ku tambaye shi. Na ji haushinsa ranar, har na yi kwana biyu ba na gaishe shi. Amma yau na gane. Wannan bawan Allah ko allura ba ta wuce shi. Da ta tagarsa aka bi da kwalin nan, da takardar ɗana tana hannunsa yanzu. Ku da kuke ɗaukar yara marasa kan gado kuna ba su hatimi!"

Sabuwa ta sunkuyar da kai. Malam ya ji yabon nan ya sauka a kansa kamar tafasasshen ruwa. Zagi da ya fi masa sauƙi sau goma.

Mai bincike kuwa aikinta take yi. Ta yanke igiyar, ta buɗe kwalin, ta tsince fasassun kwalba ta zuba a leda. Sannan ta sa bakin biro ta ɗago mayafin, ya jiƙe ya yi duhu, ɗigon farin ya koma ruwan ƙasa. Ta riƙe shi nesa da jikinta.

"Kwalin da kwalbar zan tafi da su," ta ce wa direba. "Wannan tsumman kuwa a jefa a shara, kar ya ƙara ɓata wani abu."

"Ba tsumma ba ne."

Shi kansa bai san maganar ta fito ba sai da ya ga duk sun juyo.

"Na'am, Malam?"

"Ba tsumma ba ne. Mayafin matata ne." Ya matso, ya sa hannu biyu ya karɓe shi daga bakin biron. "Turaren ma nata ne. Ni na naɗe shi, ni na ɗaure kwalin, 'yata zan aika wa. Yarinyar nan ta fara tambayata, na kashe mata baki da girma. Ta ba ni fom, na ce ta bari. Ta gane kwalin tun ɗazu, rufa min asiri take yi. Ni kuma na tsaya a nan, na karanta mata dokar sallama da bakina."

Manaja ya nemi kujera ya zauna. Sabuwa ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na motsi.

Malam ya jira tela ta sauke masa duk abin da ke bakinta. Ya cancanta, har ma yana so. Amma ta daɗe tana kallonsa, daga fuskarsa zuwa mayafin da yake ƙanƙame da shi a ƙirji, turare na ɗiga a takalminsa.

"Ashe kai ma kana da wanda kake so," ta ce a hankali. "Nawa ma ba na sayarwa ba ne. Matar ɗana na saya wa." Ta naɗe takardar ta mayar cikin ambulan. "Gobe da safe za ka raka ni makarantar, ka yi musu bayani da wannan bakin naka mai karatu, su ba ni wata. Kuma kai za ka yi ta sintiri har ta fito."

"Zan je," ya ce.

Mai bincike ta daɗe tana rubutu. Da ta gama ta karanta musu. Daga yau Malam ya sauka daga taga, zai miƙa hatiminsa ga Manaja har kwamiti ya zauna. Diyyar wasiƙun, za ta ba da shawarar a cire daga haƙƙinsa maimakon cinikin reshe, ko da yake ba ta yi alkawarin za a yarda ba. Sabuwa za ta karɓi takardar gargaɗi, don girman mutum ba ya cikin abin da aka yafe wa tambaya. Maganar rufe reshe kuwa, ta ce wannan ba a hannunta yake ba.

Ya ciro hatimin daga aljihu. Mariƙinsa ya sude, ya yi daidai da tafin hannunsa. Ya ajiye a gaban Manaja, ya sa hannu a inda aka nuna masa.

"Mayafin fa?" ya tambaya.

"Ƙyalle ne," in ji mai bincike ba tare da ta ɗago ba. "Ba na bukatarsa."

Ya fita da shi baya, ya kakkaɓe shi a hankali har ya tabbata babu ko ɓurɓushin kwalba, ya shanya a kan ɗaya daga cikin tsofaffin kekunan. Rana ta take sosai. Ya zauna a bakin famfo yana kallonsa yana bushewa, ɗigon farin na dawowa kaɗan-kaɗan. Tunda ya fara aiki bai taɓa zama haka da rana tsaka babu abin yi ba. Daga ciki yana jin an buɗe taga, yana jin bugun hatimi ɗaya tak, na Sabuwa.

Wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce.

"Baba, har yanzu bai iso ba."

Ya so ya ce hanya ce, ya so ya ce gidan waya ne, ka san halinsu. Mutane da yawa sun faɗi haka a kansu, babu wanda zai yi musu. "Kwalbar ta fashe," ya ce. "Laifina ne, ba na kowa ba. Na yi abin da nake hana mutane."

Ya ji numfashinta ya canja. "Duka ya zube?"

"Duka. Amma a cikin mayafinta ya zube, mai ɗigon farin nan."

"Wanda take sawa in za ta raka ni makaranta?"

"Shi."

"Baba," ta ce, "shi za a iya aikowa?"

Ya dubi mayafin. Ya bi dokar a kansa layi-layi, kamar yadda ya saba bi wa mutane. Ya miƙe ya taɓa shi, ya bushe ƙamas, ƙamshin kuwa yana nan daram.

"Za a iya," ya ce.

Saura rabin awa a tashi. Ya ninke mayafin, ya sa a cikin babban ambulan da ya saya a shagon takardu na kusa, ya ɗaure da igiya. Bai bi ta ƙofar baya ba. Ya zagaya ta titi, ya shigo ta ƙofar gaba, inda bai taɓa bi ba sai in zai buɗe ta da safe, ya tsaya a ƙarshen layi. Mutum bakwai ne a gabansa. Daga nan kantar ta fi tsawo, tagar ta fi ƙanƙanta, kuma fankar ba ta kawowa wajen.

"A'a, Malam Buɗe, yau kai ne a layi?" in ji wani mai sayar da taya da ya san shi. "Wuce gaba mana."

"Nan ne wurina," ya ce.

Labari ya riga ya tsallaka titi ya dawo, ya gani a idanun mutane. Wasu suka kawar da kai don su rage masa, wannan ma ya ji shi. Ya tsaya da ambulan a hannu har layi ya kawo shi taga ta uku. Mai bincike tana gefe a tsaye tana haɗa fayil ɗinta.

Ya ɗora ambulan a kan sikeli. Sabuwa ta dubi nauyin, ta yago kan sarki, hannunta ya nufi hatimi. Idonta ya yi ja. Ya ɗora yatsa a kan ambulan ɗin.

"Ki tambaye ni."

"Baba..."

"Ki tambaye ni, mutane na jira."

Ta ɗauki biro. "Akwai ruwa?"

"Babu."

"Akwai turare?"

"Ƙamshinsa ne kawai. Ya bushe."

"Akwai batir, ko ashana, ko wani abu mai kama wuta?"

"Babu."

Ta tsaya a nan, tana kallon biron da ke hannunta.

"Ƙarasa," ya ce.

"To," ta ce, "buɗe mu gani."

Ya kama igiyar. Ƙullin nasa ne, mai kunne biyu, wanda ja ɗaya ke warware shi, amma sai da ya yi ja uku. Shekara ashirin da bakwai yana kallon hannuwan mutane suna kwance ƙunshi a kan wannan kantar, bai taɓa lura cewa rawa suke yi ba sai yau.